Kuɗin mausim ba zai kai yaro ga babban albashi ba

A ganina, babban abin da ke tare wa 'ya'yan Hausawan Makka da Jidda hanyar aiki mai albashin kirki shi ne kuɗin da suke fara riƙewa tun suna ƙanana. Na san talauci na nan, na san matsalar takardar zama na nan, kuma zan zo kansu. Amma a mausim, wato lokacin cikowar masu Umara da alhazai daga tsakiyar Sha'aban zuwa ƙarshen Zulhajji, yaro ɗan shekara 15 mai kuzari yana iya haɗa abin da malamin firamare a Kano ko Damagaram ba zai gani ba a shekara guda. Ya tura keken tsoho a ɗawafi da sa'ayi, ya kai abinci masaukin alhazai, ya raka 'yar kasuwa Balad, tsohuwar unguwar kasuwanni ta Jidda, ya yi mata tafinta, ya ɗaure kaya a wurin masu kargo. Da daddare ya dawo gida ya miƙa wa mahaifiyarsa riyal, ta sa masa albarka, ƙannensa su riƙa ganinsa babba. Wanda ya ɗanɗana wannan, zaman aji yana warware lissafi sai ya zame masa wahalar banza. A haka muke rasa yara masu kaifin ƙwaƙwalwa tun kafin su gama mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, kuma ba wanda ke jin an yi asara, tunda kuɗi na shigowa.

Ga shi kuwa ita kanta wannan kasuwa tana ƙanƙancewa a gaban idonmu. A Harami yanzu akwai kekuna masu lantarki, masu tura keke kuma na hukuma ne, da rigarsu da farashinsu. Lokacin Hajji ba a shiga Makka sai da izini, kuma a 2025 tarar yin Hajji ba tare da izini ba ta kai riyal 20,000, baƙo kuma a fitar da shi a hana shi dawowa shekara 10. A Jidda, daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, an rushe unguwannin da iyayenmu suka kafa rayuwarsu a ciki, irin su Sabil da Karantina da Gulail da Kandara da Petromin. Idan ana maganar rusau ɗin gidaje kawai ake lissafawa, alhali tare da gidajen aka tafi da shagon kawu inda yaro ke koyon ɗinki, da ɗakin girkin da ke ciyar da iyali uku, da maƙwabcin da ke samo wa matasa aikin yini. Waɗanda na ga sun miƙe da sauri bayan rusau su ne masu sana'ar da ke da takardar shaida, domin asibiti ko kamfanin da suke yi wa aiki bai motsa daga inda yake ba.

Gwamnatin Saudiyya ba ta taɓa ɓoye inda ta dosa ba. Tun 2011 ta kawo tsarin Niɗaƙat, mai auna kowane kamfani da yawan 'yan ƙasa da ya ɗauka, sannan a Afrilun 2016 aka ƙaddamar da Ru'uya 2030, shirin sauya fasalin tattalin arzikin ƙasar. A 2016 ɗin aka mayar da sayar da wayar hannu da gyaranta hannun 'yan ƙasa baki ɗaya, kuma kowa a cikinmu ya san matashin da ya ƙware a gyaran waya ya wayi gari ba shi da teburin zama. Daga 2018 aka bi shagunan tufafi da kayan ɗaki da kayan lantarki da kayan gyaran mota, a 2021 aka shiga manyan mol. Amma a duba yadda aka yi da ayyukan ƙwararru. Da aka zo kan injiniyoyi a 2020, kashi 20 cikin 100 aka fara warewa, da sharaɗin kada albashin ɗan ƙasa ya gaza riyal 7,000 kafin a ƙirga shi. Aikin akanta an fara da kashi 30 a 2021, mai digiri a kan riyal 6,000. Haka aka bi likitocin haƙori da masu harhaɗa magunguna, kashi-kashi, ana ƙarawa sannu a hankali. Dalilin a fili yake. Aikin da za a koya a mako biyu ana iya sauya ma'aikatansa duka cikin wata shida, wanda kuwa sai an yi shekara biyar ko bakwai ana karatunsa ba a samun masu maye gurbi da sanarwa ɗaya. Don haka duk matashin da ke son ya daɗe yana cin abinci a ƙasar nan, ko wane irin fasfo yake riƙe da shi, ya nufi abin da ke da wuyar koyo.

Sai dai mu ba iri ɗaya ba ne, kuma shawarar da ta dace da wani tana iya ɓatar da wani. Akwai waɗanda kakanninsu suka taso a ƙafa ta Barno da Wadai da Sudan, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, suka haye teku daga Sawakin suka zauna, jikokinsu yau 'yan ƙasa ne. Duniya ta ji sunan Hausawi a 2018, lokacin da 'yan ƙwallo uku masu wannan suna, Usama da Umar da Mu'utaz, suka tafi gasar cin kofin duniya a Rasha suna tsaron bayan Saudiyya, Usama kuma shi ne kyaftin. Na yi alfahari da su. Amma mutum 23 ne kawai suka shiga tawagar, yaran da suka ajiye littafi suna mafarkin buga wa ƙungiyar Ittihad ko Ahli kuwa ba su ƙirguwa. Ɗan ƙasa a cikinmu ba shi da uzuri mai ƙarfi yau. Jami'ar gwamnati kyauta ce gare shi, har da alawus na wata. Ummul Ƙura tana Makka, Jami'ar Sarki Abdul'aziz tana Jidda, ta man fetur da ma'adinai tana Zahran, asusun gwamnati na Hadaf kuma yana biyan wanda ya gama karatu yayin da yake samun horo a wurin aiki ta shirin Tamhir. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ga irin wannan yaro ya yarda kamfani ya rubuta sunansa don cika ƙa'idar Niɗaƙat, a riƙa ba shi ɗan wani abu yana kwance a gida. Laifi ne a doka, sannan shekarun koyonsa ne yake sayarwa da arha. Ranar da ya je neman aikin gaske, takarda za ta nuna ya yi shekara huɗu yana aiki, tambayar farko da za a yi masa kuma ta tona cewa bai iya komai ba.

Mai igama kuwa, wato baƙon da ke riƙe da takardar izinin zama, hanyarsa ta fi tsauri, kuma a nan nake tausaya wa iyaye. Tun Yulin 2017 aka sa harajin iyali a kan ma'aikaci baƙo, riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, aka riƙa ƙarawa har ya kai 400 a 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar zai biya riyal 28,800 a shekara, bai ci ba, bai biya haya ba. Idan irin wannan uba ya ce wa babban ɗansa, "Ka fita ka nemo, nauyin ya fi ƙarfina," ba zan kira shi azzalumi ba. Abin da zan roƙe shi shi ne ya zauna da yaron su yi lissafi mai nisa. Ɗa namiji ba ya dawwama a kan igamar mahaifinsa, da ya kai shekara 25 sai ya koma hannun mai ɗaukar aiki, kuma sana'ar da aka rubuta a igamarsa ita ce za ta yanke irin aikin da zai yi da irin albashin da zai nema. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki ba sai da yardar kafili, wato ubangidan da igamarsa ke hannunsa, ba idan ya cika sharuɗɗa, amma bai haɗa da direban gida da 'yan aikin gida da makiyayi ba, kuma mutanenmu da yawa abin da ke rubuce a igamarsu ke nan.

Jami'ar gwamnati ba ta karɓar ɗan mai igama kai tsaye kamar yadda take karɓar ɗan ƙasa. Ana shiga ne ta gurbin tallafin karatu na mazauna ƙasar, guraben kaɗan ne, kuma likitanci yawanci ba ya cikinsu. Jami'o'i masu zaman kansu suna nan, kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu. Da can Sudan ce mafita, musamman Jami'ar Afirka da ke Kartum, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya wargaza wannan hanya. Abin da ya rage wa gidaje da yawa shi ne Masar, ko komawa gida: Bayero a Kano, Ahmadu Bello a Zariya, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Abdu Mumuni a Yamai ga 'yan Nijar. Ni ba na ganin komawa gida karatu faɗuwa ce. Abin da ke cutar da mu shi ne yadda muke yinsa a makare. Sai yaro ya gama sanawiyya, wato babbar sakandare, da Larabci sannan a tuna Najeriya tana neman JAMB da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a tuna a Yamai da Faransanci ake karatu, a tuna babu lambar NIN, fasfo ya mutu, sunan da ke takardar haihuwa ya saɓa da na takardar makaranta. Shekara biyu ta tafi a gyaran takardu, jikin yaro ya yi sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yaro yana aji ɗaya na mutawassiɗa ya kamata gida ya san ƙasar da zai yi jami'a, a fara shirya masa harshenta da takardunta, a kai shi hutu ya ga dangi ya saba da wurin.

Wanda kuma ba shi da takarda ko ɗaya, maganar aiki mai albashi ba ta ma taso ba tukuna. Babu hukumar da za ta ba shi lasisi, babu bankin da zai buɗe masa asusun da albashi zai shiga. Na san tsoron tarhil, wato kamu a fitar da mutum daga ƙasar, shi ne ke hana iyaye tunkarar ofis, amma kowace shekarar da aka ƙara ana ɓoyo tana ƙara nesanta yaron da aji. Matakin farko shi ne ƙaramin ofishin jakadancin ƙasar iyayensa a Jidda ko babban ofishi a Riyad, a sama masa fasfo da shaidar cewa shi ɗan wata ƙasa ne. Idan gaskiyar lamari ita ce ba za a iya daidaita zamansa a nan ba, gara ya koma Katsina ko Maraɗi yana ɗan shekara 12 ya shiga makaranta, da a mayar da shi yana ɗan shekara 30 ba sana'a ba boko. Magana ce mai zafi, na faɗe ta ne don na ga ƙarshen waɗanda aka bari.

Shi kansa matashin da ke aji, ina so ya gane an fara tace shi tun kafin ya ji sunan jami'a. Tun 2021 sanawiyya ta koma tsarin masarat: shekarar farko kowa tare, daga nan a rabu zuwa fannin gama-gari, ko kwamfuta da injiniyanci, ko lafiya da rayuwa, ko gudanar da kasuwanci, ko shari'a. Yara da yawa suna zaɓa ne don aboki ya zaɓa, ko don an ce wancan ya fi sauƙi, iyaye kuma ba su ma san an yi zaɓin ba. A kowace makaranta akwai malamin da aikinsa shi ne shiryar da ɗalibai. Uba ya sa rigarsa ya je ya gan shi, uwa ta je makarantar 'yarta, su tambayi ƙofar da kowane fanni ke buɗewa da wadda yake rufewa.

Sai jarrabawar shiga jami'a guda biyu da cibiyar Ƙiyas ke shiryawa, Ƙudurat da Tahsili. Jami'o'i da yawa suna haɗa maki ne da kashi 30 daga sakamakon makaranta, 30 daga Ƙudurat, 40 daga Tahsili, wato kashi 70 yana hannun jarrabawar da ba ta san ka ba, ba ta san gidanku ba. Ƙudurat tana auna fahimtar rubutu da saurin lissafi, Tahsili tana bin ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks da lissafin shekarun sanawiyya. Ana iya maimaita su, kuma maki yana tashi da atisaye. A nan ne kuɗin mausim ke yin ɓarna mafi girma, domin watannin da 'ya'yan wasu ke kulle a ɗaki suna warware tsoffin tambayoyi su ne watannin da namu ke kan titi har asuba. Yaro zai ce, "Kawu, ai ina da 95 a makaranta." Sai in ce masa, "Ɗana, duk wanda kake takara da shi yana da 95, kawo makin Tahsili mu gani."

Harshe kuwa, Allah ya ba mu jari muna wasa da shi. Yaron Makka yana tashi da Larabcin Hijaz da Hausa bai biya ko sisi ba. Amma Larabcin kasuwa ba ya rubuta rahoto, Hausar gida yawancin yaranmu ba sa iya karanta ta balle su rubuta, Turanci kuwa shi ya fi kayar da su. Likitanci da injiniyanci da kwamfuta da Turanci ake karanta su a jami'o'in ƙasar nan, manyan asibitoci da kamfanoni irin su Aramco da SABIC da shi suke aiki. Wanda ya shiga shekarar share fage da raunin Turanci, makinsa zai faɗi tun a zangon farko, a tura shi fannin da bai so ba. Rabin awa kowace rana tun daga mutawassiɗa, karatu da saurare da rubutu, sannan ya gwada kansa da jarrabawar Turanci ta STEP ko IELTS kafin ya gama sanawiyya. Wayar da ke hannunsa ta isa yin wannan. Idan harsunan uku suka zauna masa, aiki na nan. A 2020 Hausa tana cikin harsuna goma da aka fassara huɗubar Arafa da su, kujerun Hajjin Najeriya sun kai 95,000 a 2023 da 2024, kuma ƙasar nan tana son masu Umara su kai miliyan 30 a shekara zuwa 2030. Otal-otal da asibitoci da kamfanonin hidimar alhazai suna buƙatar mutumin da zai yi magana da waɗannan baƙi. Sai dai mai harshe kaɗai ana kiransa ne ya yi tafinta a ba shi na goro, mai harshe da shaidar jinya ko gudanar da otal ko akanta shi ake ba ofis.

Bayan digiri akwai lasisi, kuma a ƙasar nan shi ne ke buɗe aiki. Likita da nas da mai harhaɗa magunguna da ma'aikacin ɗakin gwaji duk sai Hukumar Ƙwarewar Lafiya ta tantance su ta ba su matsayi, wanda ya yi karatu a waje kuma sai kamfanin DataFlow ya bi takardunsa har jami'ar da ta ba shi. Injiniya sai ya yi rajista da Hukumar Injiniyoyi kafin a sabunta masa igama da sunan injiniya, wanda za a ɗauko daga waje kuma ana neman ya yi shekara biyar yana aiki. Akanta yana da SOCPA, hukumar akantoci ta ƙasar. Wanda zai tafi karatu waje ya bincika tun kafin ya biya kuɗin zangon farko ko Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta amince da jami'ar. Matasa suna jin waɗannan sharuɗɗa su karaya, ni kuwa a nan nake ganin sa'armu. Gaskiya ne akwai wasɗa, wato sanayya, a ɗaukar aiki, kuma gaskiya ne baƙar fata yana haɗuwa da raini a wasu ofisoshi ko da katin ɗan ƙasa ne a aljihunsa. Aikin da ake bayarwa da ganin fuska da sunan dangi, mu ne a ƙarshen layi. Aikin da ake shiga da makin jarrabawa da lambar lasisi, nan ne ɗan mai tura keke da ɗan attajiri suke zama a gaban kwamfuta iri ɗaya su amsa tambaya iri ɗaya. Wanda ba shi da kowa a sama ya kamata ya fi kowa son fannonin da ke da jarrabawa mai tsanani. Kuma irin wannan ilimi yana tafiya da mutum duk inda ya je. Nas ko injiniyan lantarki ko masanin tsaron intanet, idan ƙofa ta rufe a Jidda, zai sake wata jarrabawar ya nemi Doha ko Dubai ko Abuja ko Ingila.

Maganar 'ya'ya mata ta fi ci mini rai. Ka shiga babban asibiti a Makka ko Jidda, za ka tarar da ma'aikatan jinya daga Filifin da Indiya, sun baro iyalansu, suna fama da Larabci don su fahimci tsohuwar da ke kwance. A unguwar da ke bayan asibitin kuma akwai yarinyarmu da aka haifa a nan, Larabci harshenta ne, ta fi yayyenta maza maki, amma an cire ta daga aji tana taya Umma sayar da abinci ko tana aikatau a gidan wasu. Ƙasar ta sauya ƙwarai a wannan fanni. Mata sun fara tuƙi a Yunin 2018, yawan mata 'yan ƙasa da ke cikin kasuwar aiki ya tashi daga ƙasa da kashi 20 zuwa sama da 30 cikin 'yan shekaru, jami'ar Zahran ma ta fara ɗaukar mata digirin farko a 2021. Ban ce a hana aure ba, kuma na san tsoron iyaye kan tarbiyya yana da tushe. Amma ana iya sa karatu cikin sharaɗin aure, kuma jinya da ungozoma da harhaɗa magunguna da koyarwa ayyuka ne da mace ke yi da mutuncinta da hijabinta. Mun ga matan da miji ya rasu ko aka fitar da shi daga ƙasar, aka bar su da yara biyar ba su da wata sana'ar da hukuma za ta yarda da ita.

Akwai masu cewa ai mu maƙwabtan Ɗakin Allah ne, ilimin addini shi ne gadonmu. Haka ne, kuma gado ne mai daraja. Shaihu Umar Fallata, wanda ya rasu a 1999, ya shafe shekaru yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi (SAW), kuma Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, ta yaye malaman da suka cika Arewa. Yaron da Allah ya ba kai da zuciyar wannan fanni, a tsaya masa ya kai ƙarshe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tura yaro shari'a don kawai lissafi ya yi masa wuya a aji ɗaya, ba a nema masa mai taimako ba. Wannan raina ilimin addini ne, kuma cutar da yaron ne. Ita kanta jami'ar Madina yanzu tana da tsangayar injiniyanci da ta kwamfuta, kuma haddar Alƙur'ani bayan Asuba zama da naci take koya wa yaro, abin da Tahsili ke nema ke nan.

Nakan ji matasa suna cewa, "Yaya wane ya yi digiri, ga shi nan yana ɗaukar fasinja a manhaja, mu me za mu yi da karatu?" Tambaya ce mai nauyi, ba a amsa ta da faɗa. In ka bincika, sau da yawa za ka tarar Yayan ya karanta fannin da ya samu ne, ya fito da maki mai rauni, bai taɓa zuwa horo a kamfani lokacin hutu ba, bai ci jarrabawar ƙwarewa ko ɗaya ba. Wani lokacin kuma ya yi komai daidai, rabonsa ne bai tsaga ba tukuna, wannan ma yana faruwa. Amma babban albashi ba kasafai yake zuwa a shekarar farko ba. Yana zuwa ne bayan mutum ya yi shekara uku ko biyar a ƙarƙashin wanda ya fi shi sani, ya riƙe aiki na gaske daga farko har ƙarshe, ya ƙara shaida a kan shaida. Saboda haka a zaɓi aikin farko da abin da za a koya a cikinsa. Kamfanin da zai ba ka riyal 5,000 ya sa ka a filin gini tare da manyan injiniyoyi ya fi maka wanda zai ba ka 6,500 ka zauna kana buga tambari. Riyad za ta karɓi baje kolin duniya a 2030, ƙasar kuma ta karɓi gasar kofin duniya a 2034, kuma yaron da ke mutawassiɗa yau a daidai wannan tsakanin zai fito neman aiki.

Mu manya ma da namu. Muna da adashi mai ƙarfi, muna haɗa dubban riyal a dare ɗaya don kama ɗakin biki, muna da attajiran da suka yi arziki da zinariya da kargo da masaukin alhazai. Kuɗin rajistar Ƙudurat da littattafan atisaye da kwas ɗin Turanci na yaro guda bai kai kuɗin abincin walima ɗaya ba. Idan gida yana dogara da abin da yaro ke kawowa, dangi su ɗauke wannan nauyin na shekara ukun sanawiyya, ko da da sharaɗin shi ma zai ɗauki ƙaninsa idan ya kama aiki. Likitocinmu da injiniyoyinmu da suka bar unguwa su ware yammacin Juma'a ɗaya a wata su zauna da yaran dangi. Yaron da bai taɓa zama da injiniya mai kama da shi, mai jin harshen kakarsa ba, da wuya ya sa wa ransa cewa shi ma zai iya kaiwa can.

Saura waɗanda suka riga suka bar aji, kuma suna da yawa. Ɗan shekara 20 ko 22 bai makara ba. Akwai makarantun dare da tsarin karatun manya, inda ake kammala mutawassiɗa da sanawiyya ana aiki da rana. Wanda kansa ba ya son littafi amma hannunsa yana da kyau, ya kama sana'a ɗaya ya bi ta har ƙarshe: gyaran manyan na'urorin sanyaya ɗaki na otal da asibiti, wutar lantarkin masana'antu, gyaran lif, waldar bututu, kula da na'urorin asibiti. A garin da zafi ke haura digiri 45, dogayen benaye kuma suka kewaye Harami, masu waɗannan sana'o'i ba sa rasa mai nema. Tun 2021 akwai jarrabawar tantance masu sana'ar hannu, ita ma da abin da aka iya ake cin ta. Ya nemi cibiyar horon da Hukumar Koyar da Fasaha da Sana'o'i ta ba lasisi, ya tabbatar da hakan da kansa kafin ya biya, ya yi aiki a ƙarƙashin ƙwararre ko da albashin bai taka kara ya karya ba a farko, ya karɓi takardar shaidar aiki a duk inda ya bari, sannan ya nemi a gyara sana'ar da ke igamarsa ta dace da abin da hannunsa ya iya.